Tsibiran Fadamar Haɗeja da Baƙin Tsuntsayensu

  Wannan mako za mu ajiye zancen girki da ɗinki, mu yi 'yar tafiya. Tafiyar kuwa ta kan ruwa ce, cikin kwale-kwale, don mu zaga waɗansu tsibirai mu yi kallon tsuntsaye da sauran halittun Ubangiji.

Na san wata za ta yi dariya ta ce, ina mu ina tsibiri? Da gaskiyarta. Mu mutanen ƙasar Gumel, ko 'yar Maigatari ce, ko ta Gagarawa, ko ta Sule Tankarkar, a kan yashi aka haife mu. Ba mu da babban kogi mai gudu rani da damina. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na famfo, da na kududdufi wanda kan ƙafe tun sanyi bai fita ba. Akwai tsohuwar da ta yi jikoki ba ta taɓa sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba. Amma ku sani, wadda ta bar Gumel bayan sallar asuba, kafin azahar tana iya samun kanta a tsakiyar ruwa, tsibiri dama tsibiri hagu, tsuntsaye sun rufe sama.

Yadda ake yi a wata duniya

Kafin mu tashi, bari in ba ku labarin yadda mutanen waɗansu ƙasashe suka ɗauki irin wannan yawo. A can Tekun Fasifik, wajen kilomita 1,000 yamma da ƙasar Ikwado ta Amurka ta Kudu, akwai waɗansu tsibirai da ake kira Galafagos. A nan ake samun kunkuru wanda ya fi buhun gero biyu nauyi, yana kuma yin shekara fiye da 100 a duniya. Akwai ƙadangarun da ke nutso cikin teku su ci gansakuka. Wani masanin halittu na Ingila, Charles Darwin, ya sauka can a 1835, ya rubuta abin da ya gani, sunan wurin ya bazu. A 1959 gwamnatin ƙasar ta mai da yawancin tsibiran gandun da aka hana farauta. Yanzu mutane kan tara kuɗi shekara da shekaru don su je, su kwana cikin jirgin ruwa, kowace safiya a sauke su a wani tsibiri. Doka ce sai da ɗan jagora, kuma ba a matsar dabba kusa da mita 2.

To, abin da ya sa na kawo wannan labari, irin waɗannan mutane masu son kallon tsuntsu sun daɗe suna zuwa ƙofar gidanmu. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila Elizabeth, ya zo har Dagona ta ƙasar Bade don ya ga tsuntsayen fadamar Haɗeja da Nguru. Baƙo ya keto duniya ya gani, mu da muke maƙwabta sai labari muke ji. Gani kuwa ya kori ji.

Hanya

Daga Gumel mota za ki shiga ki yi gabas, ki bi ta Malam Madori ki sauka Haɗeja. Mutanen Maigatari da na Sule Tankarkar sai su fara biyowa ta Gumel. Iyayenmu na Gagarawa kuwa a jirgin ƙasa suka san wannan hanya, gama layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, ta garinsu ya ratsa. Daga Haɗeja in kin ƙara gaba cikin ƙasar Kiri Kasamma za ki tarad da Baturiya, inda gandun tsuntsaye yake. Wadda ke da hali ta zarce Nguru, cikin Jihar Yobe, ta ga babban tafkin da ke can, ko ta kai Dagona wajen Gashuwa.

Tun a mota za ki lura ƙasa tana sakewa. Gawo da aduwa da kalgo suna raguwa, goriba da gabaruwa suna yawaita. Gonakin gero da riɗi suna ba gonakin shinkafa wuri. Iska ma kanta sai ki ji ta yi laushi, da ƙanshin danshi.

Lokacin da ya fi kyau a je shi ne daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, watau da sanyi. A sa'an nan ambaliya ta ja da baya, hanya ta bushe, amma ruwa bai ƙare ba, baƙin tsuntsaye kuma sun sauka.

Yadda jigawa ke zama tsibiri

'Yan makaranta, ku buɗe kunne a nan, don wannan darasin labarin ƙasa ne. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja. Wani kogin kuma, na Jama'are, daga duwatsun wajen Jos yake gangarowa. Su biyun suna tafe har su iso wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jerin tuddan yashi, irin waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta fi haka matsowa kudu. Waɗannan tuddai su ne jigayi, kuma daga sunansu Jiharmu ta Jigawa ta sami nata suna da aka kafa ta a 1991.

Da ruwa ya iso nan sai ya rasa hanya guda. Sai ya rarrabu, wani reshe ya bi nan, wani ya bi can, yana kewaya jigayi. Reshe guda, wanda ake kira Marma, shi ke zuba cikin tafkin Nguru. In damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, sai ruwa ya cika kwaruruka duka, kawunan jigayi kaɗai ke fitowa. Ga tsibiranmu ke nan. Tudun da aka je da jaki a watan Afrilu, a watan Satumba sai da jirgi. Can gaba kusa da Gashuwa rassan suna sake haɗuwa su zama Kogin Yobe, wanda ke tafiya har Tafkin Chadi.

Ashe ke nan yashin da muke takawa a Gumel da wanda ke tsakiyar ruwa a Baturiya ɗan'uwan juna ne. Bambancin kawai, nasu ruwa yana kai masa ziyara kowace shekara.

Mu shiga jirgi

In kin isa, ba a faɗa wa ruwan mutane haka kawai. A fara gai da mai gari, a nemi ma'aikatan gandun, su za su haɗa ku da mai jirgin da ya san ruwa. Da sassafe ake fita, ko da la'asar, gama da tsakar rana tsuntsu ma hutawa yake yi.

Kwale-kwale dogo ne, siriri. In za ki shiga, ki tattara zanenki, ki sunkuya, ki taka tsakiya, ki zauna ƙasa-ƙasa. Da farko za ki ji yana rawa, gabanki ya faɗi. Kada ki kama gefe guda da ƙarfi, kada kuma ki miƙe. Mai jirgi yana tsaye a baya da doguwar sanda, yana dogara ta a ƙasan ruwa yana turawa. Bayan ɗan lokaci sai ki ji hankalinki ya kwanta, ba abin da kike ji sai ƙarar ruwa a jikin katako da kukan tsuntsaye daga nesa.

Abin da zai fara tarbarki shi ne baɗo. Ganyensa faffaɗa ya shimfiɗu a kan ruwa kamar an jera faifai, furensa fari, wani kuma shuɗi-shuɗi. Ki dubi kan ganyen da kyau. Za ki ga wani tsuntsu ja-ja mai farin wuya yana tafiya a kai kamar a daɓe. Sunansa takabaɗo. Allah ya yi masa yatsu dogaye ƙwarai, su ke raba nauyinsa har ganye ba ya nutsewa. Ga wani abin mamaki game da shi: in macen ta yi ƙwai sai ta yi gaba abinta, namijin ne ke kwanci har a ƙyanƙyashe. In kuma ya ga haɗari sai ya kwashe 'ya'yan ƙarƙashin fikafikansa ya gudu da su, ƙafafunsu suna reto. Wannan labari kwa iya ba maigida da dare, amma da fara'a.

'Yan gida

In jirgi ya kewaya tsibiri na farko za ki fara ganin waɗanda kika sani. Ga balbela fara fat, wadda ke bin shanu a garinmu, amma a nan ɗari-ɗari take sauka kan gabaruwa, har itacen ya zama kamar an shanya masa farin kaya. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa, wuya a lanƙwashe, ba ya ko motsi. Kya ce barci yake yi, sai kifi ya gifta ki ga ya cake shi kamar walƙiya. Ga jinjimi, jiki fari, kai da wuya baƙi, baki lanƙwasasshe kamar lauje, yana caccakar laka. A bakin gaɓa kuma zakaran ƙeƙuwa ne ke ta tsiwa, shi ne mai gadin wurin, da ya hango ku zai sanar da kowa.

Can tsakiyar ruwa akwai agwagin daji. Kirinjijiya ita ce mai farar fuska, tana tashi garke-garke tana fito kamar yara sun sami usur. Dinya kuwa babba ce, baƙa da fari, tana da ƙaya a gaɓar fiffike wadda take faɗa da ita. In kin yi sa'a kya ga kwasakwasa, mai jaka a ƙarƙashin baki. Su kan jeru su kewaye kifi su kora shi wuri guda, sa'an nan su tsoma baki tare, kamar mata sun haɗu a kan turmi.

Wanda zai yi wuya ki gani shi ne gauraka, mai tukku kamar zinariya. Kakanninmu sun san kukansa a fadamu, amma yanzu ya yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya, saboda kama shi da ake yi ana sayarwa don ado a gidajen masu hali, da kuma ƙafewar wuraren da yake ƙwai. Yarinyar da aka haifa yau tana iya girma ba ta san gauraka ba sai a hoto.

Shamuwa ma ba za ki gan ta da sanyi ba. Kun san ita da bazara take zuwa ta yi sheƙa a itatuwan gari, manoma su ce ruwa ya kusa. In damina ta wuce sai ta yi kudu, har ƙasashen kudancin Afirka, inda a sa'an nan ne tasu daminar ke farawa. Ku riƙe wannan, don shi zai sa ku gane labarin da ke tafe.

Baƙi daga Turai

Kamar yadda shamuwa ke bin damina, haka waɗansu tsuntsaye ke gudun sanyi. A arewacin Turai da Rasha, in hunturu ya shiga, tafkuna kan daskare su zama ƙanƙara, abinci ya ɓace. Sai tsuntsayen can su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara wadda faɗinta daga arewa zuwa kudu ya kusa kilomita 2,000, ba rijiya ba inuwa. Ruwa na farko mai yawa da za su tarar bayan hamada shi ne irin namu: fadamar Haɗeja da Nguru, da Tafkin Chadi, da fadamar Kogin Kwara a ƙasar Mali, da ta Kogin Sanagal.

Za ki ga wata 'yar agwagwa, ba ta kai kazar gida ba, namijin yana da farin layi a kan ido kamar an ja masa da alli. Dubbai suke sauka. Akwai wata mai dogon wuya da wutsiya mai tsini kamar allura. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai dogayen ƙafafu, launin ƙasa, mai kiwo a gonakin shinkafa bayan girbi. A nan ba shi da wani kyan gani, amma in ya koma gida lokacin aure, namijin kan fid da gashi kewaye da wuya kamar ya yi naɗi. Har da farar shamuwa ta Turai, mai jan baki da jan ƙafa, wadda can ma a kan rufin gidaje take sheƙa, mutane suna murna da zuwanta kamar yadda muke yi da tamu. Masana sun ƙidaya irin tsuntsu fiye da 350 a wannan fadama, 'yan gida da baƙi.

Wata za ta ce, wa ya bi su ya ga daga inda suka fito? Tambaya mai kyau. Turawan da ma ba su sani ba, har waɗansunsu suna cewa tsattsewa cikin laka take shiga ta yi barci sai sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a Jamus, sai aka ga doguwar kibiya irin ta Afirka soke a wuyanta. Watau an harbe ta a nan nahiyarmu, ba ta mutu ba, ta tashi da kibiyar har gida. Tana nan an adana ta a Jami'ar Rostock. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a ƙasar Denmark mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa. Duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa sai ya aika da lambar, a san inda ya kai. Har yau ana yi. Saboda haka in yaronki ya kawo tsuntsu da zobe a ƙafa, ba na aljanu ba ne, ba kuma asiri ba ne. A rubuta lambar da ranar da wurin, a kai wa ma'aikatan gandun daji.

Na ƙarƙashin ruwa da na kan tudu

Kada kallon sama ya hana ki duban ƙasa. A kan kututture kya ga guza yana shan hantsi, da jin motsinku sai ya sulale cikin ruwa. Kififiya kan leƙo da kai ta koma. Masunta za su gifta ku, wani a jirgi yana jefa birgi, wani ya kwanta a kan ƙatuwar gora yana iyo da ita. In kin leƙa kamunsu za ki ga karfasa da tarwaɗa da kurungu, wani lokaci har da minjirya, wadda in kin taɓa ta za ta girgiza ki kamar wayar lantarki. Akwai kuma gaiwa. Ita in ruwa ya ƙafe ba ta mutuwa. Sai ta haƙa laka ta shige, ta lulluɓe kanta da yauƙi, tana numfashi ta ɗan rami, har wata damina. Hausawa suna cewa gaiwa jikinta take ci, masana kuma sun tabbatar haka ne, da naman jikinta take rayuwa a wannan zama.

In mai jirgi ya tsaya da ku a wani tsibiri mai mutane, ki sauka ki gai da matan wurin. Za ki tarad da su ba su zauna ba. Wata tana banda kifi, wata tana turara shinkafa, wata tana saƙar tabarma da kaba, yara suna gwaguyar goriba. Har baɗon nan da kika gani ana cin 'ya'yansa da saiwarsa, ya kuwa ceci mutane da yawa a shekarun yunwa. Akwai Hausawa, da Badawa, da Barebari, da Mangawa 'yan'uwanmu, da Fulani. Shekararsu kashi-kashi ce: da damina shinkafa a fadama, gero a tudu, in ruwa ya fara ja sai su, sa'an nan a bi danshi a shuka wake, da rani kuma lambu, ga tattasai ga albasa ga alkama, Fulani kuma su gangaro da shanu su ci ciyawar da ruwa ya bari. Ruwa guda, amma ya ciyad da manomi da masunci da makiyayi da tsuntsu.

Abin da ke damun fadama

Yanzu kuma sai zancen da ba shi da daɗi, amma tilas a faɗa. Tsofaffin wurin za su gaya miki ruwan da ake samu a da ya fi na yanzu nesa ba kusa ba. Dalili na farko fari ne, irin na 1973 da na 1984. Na biyu kuwa madatsun ruwa. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Madatsun nan sun yi amfani, sun ba birnin Kano ruwan sha, sun ba manoman rani ruwa. Amma sun sake halin kogin. A da ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya share hanyarsa, da rani kuma ya ƙafe ƙaf. Yanzu ana sako shi kaɗan-kaɗan duk shekara.

Wannan ya yi wa wata ciyawa daɗi, ita ce kacala. Doguwa ce, ta fi mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar maiwa. Ba ta son wurin da ke bushewa, saboda haka da ta sami ruwa mai kwana rani da damina sai ta yaɗu. Ta toshe rassan kogi, ta cinye gonaki da wuraren su. Inda ta toshe, ruwa kan kwanta ya mamaye gari, can gaba kuma mutane su rasa ko na ban ruwa. Za ki gani da idonki, wani wuri mai jirgi zai bi ta wata 'yar siririyar hanya da aka sare da hannu, kacala ta yi bango dama da hagu. Cikinta kuma janbaki ke kwana, tsuntsun nan mai zuwa kamar hadari ya share gonar shinkafa ko ta gero kafin mai ita ya ankara. Sauro ma nan yake samun maɓoya.

Sai kuma abin da hannunmu ya jawo. Ana sare gabaruwa da sauran itatuwan fadama, ana lodi a manyan motoci ana kai wa birane don girki. Itacen da balbela da zalɓe ke sheƙa a kai, in ya tafi su ma sun tafi. Ana su da raga mai ƙananan idanu wadda ba ta barin ko 'ya'yan kifi. Waɗansu kuma suna zuba magani cikin hatsi su kashe agwagin daji, su kawo kasuwa, mai saye bai san abin da ya kashe su ba.

Hukuma ba ta yi shiru ba. A 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru. Akwai kuma wata yarjejeniya ta duniya kan kiyaye fadamu, wadda aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. A ƙarƙashinta aka sa tafkin Nguru da reshen Marma cikin fadamu masu daraja na duniya a 2000, su ne na farko a Nijeriya, Baturiya da Dagona kuma suka bi a 2008. Amma takarda ba ta tsare itace, sai mutane sun yarda.

Ina ruwanmu?

Uwargida, kada ki ce wannan matsalar mutanen Haɗeja ce. Bandar kifin da kike sa wa miyar kuka, daga ina take zuwa? Shinkafar gida da tattasai da albasar da ake kawowa kasuwar Gumel da rani fa? Shanun da ke kiwo a jejinmu da damina, in kaka ta wuce fadama da yawansu ke gangarawa, da can suke samun ƙibar da za a yi cinikinsu a kasuwar Maigatari ran Alhamis. In fadama ta mutu, makiyayi zai rasa inda zai sa kai, sai ya matso gonaki, kun kuwa san abin da ke biyo bayan wannan. Tukunyarmu da fadamar nan igiya guda ta ɗaure su.

Abin da za mu iya kuwa yana nan cikin gida. A rage cin itace: a yi murhu mai rufi wanda ba ya watsa wuta, a jiƙa wake kafin a ɗora, a rufe tukunya, wadda ke da hali ta koma gas. A dasa ko da itace guda a tsakar gida, a ba shi ruwan wanke-wanke. In an kawo miki tsuntsun daji matacce wanda ba ki san yadda aka kama shi ba, kada ki saya, don lafiyar 'ya'yanki. Ki kuma hana yaro harbin tsuntsu da danƙo don wasa kawai. Ki gaya masa wannan ɗan abu da ya raina wataƙila ya ƙetare hamadar da raƙumi ke wata biyu bai gama ba. Mu Hausawa ba mu wulakanta baƙo, balle wanda ya sha irin wannan tafiya.

Shiri da gargaɗi

Wadda ta yi niyyar zuwa, ta nemi iznin maigida, in ya yiwu ma ku tafi tare da yara. Ƙungiyoyin mata suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mota guda. Malaman makarantun 'yan mata kuma, ga darasi wanda ya fi na allo shiga kai. A tambayi lafiyar hanya kafin a tashi, a kuma dawo da rana.

Ki riƙi ruwan sha daga gida, da ɗan guzuri, da mayafi mai kauri don sanyin safiya a kan ruwa ba wasa ba ne. Ki sa tufa mai duhun launi, gama mai ƙyalli tana korar tsuntsu. In akwai madubin nan mai kawo nesa kusa, a tafi da shi. 'Yan makaranta su riƙi littafi da fensir, su rubuta sunan kowane tsuntsu da launinsa da abin da yake ci. Ku tambayi mai jirgi sunayen, ya fi kowa sani, sunayen nan kuwa in ba a rubuta ba ɓacewa za su yi tare da tsofaffi.

Gargaɗi uku, kada ku manta. Na ɗaya, kada ku yarda a cika jirgi fiye da kima. Yawancin haɗarin jirgin ruwa da ke cin rayukan mata da yara a ƙasar nan lodi ne ke jawo shi, da tafiyar dare. In kin ga bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, ki sauka ki jira na baya, komai gaggawa. In akwai rigar nan mai hana nutsewa, kowa ya sa, kada a ji kunya. Na biyu, kada yara su yi wanka ko wasa a ruwan da ke kwance, don a nan ake ɗaukar tsargiya, ƙwayarta tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi ta shiga ta fata. Na uku, kada a taɓa sheƙa ko ƙwai, kada a yi ihu don tsuntsaye su tashi, kada kuma a jefa leda cikin ruwa. Rigakafi ya fi magani.

In kin bi waɗannan, sai ki roƙi mai jirgi ya ɗan dakata da ku har rana ta yi ja, amma kusa da gaɓa. A sa'an nan ne garkunan agwagi ke tashi zuwa kiwon dare, balbelu kuma suna dawowa jere-jere zuwa makwancinsu, ruwa ya ɗauki launin sama. Ba wanda zai gaya miki ki yi tasbihi, da kanki za ki yi.

Wadda Allah ya nufa ta je, ta rubuto mana abin da ta gani, da sunayen tsuntsayen da ta koyo, mu buga a wannan fili don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma bar wa jikokinmu fadamar nan da ruwanta. Amin.